Goron Neman Sallama

Sunan maigidana Sidiku. Na faɗa sau ɗaya don ku sani, daga nan kuma Baban Adisa zan riƙa cewa, don ba a yi mini tarbiyyar kiran sunan miji gatsau ba. Ni ce Barakatu, 'yar zangon Salaga, wato unguwar Hausawan garin. Aure ya kawo ni Yendi, ya ajiye ni a gidan Alhaji Zuberu mai gyaran tafireta, inda muke da ɗakunanmu a ɓangaren yamma.

A zamaninsa Alhaji Zuberu ba ƙaramin mutum ba ne. Duk tafiretar da ke ƙara a ofis ko a makaranta daga Salaga har Bawku, da duk injin sitensil da ake juya takardun jarrabawa da shi, to hannunsa ya taɓa ko hannun yaransa. Yana da babban shago a Yendi, da reshe a Salaga, da wani a Bawku, ga kuma aji a bayan shago inda 'yan mata ke koyon bugu da yatsu goma. Baban Adisa ya shiga hannunsa tun gemu bai fito masa ba. Da shara ya fara, ya koma wanke haruffa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, har ya kai idan ya ji bugun tafireta daga bayan ɗaki zai gaya maka abin da ke damunta. Alhaji ne ya yi masa aurena, shi ya raɗa wa 'yarmu Adisa suna. A shago Masta suke ce masa. Ni Baba nake ce masa, kuma kalmar ba ta taɓa yi mini nauyi a baki ba.

To, sai zamani ya juya. Reshen Salaga ya rufe lokacin rikicin ƙabilanci na shekarar tasa'in da huɗu, bai sake buɗewa ba. Na Bawku ya bi sahu a hankali. 'Yan matan aji suka koma Tamale koyon kwamfuta. Yaran shago suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, wannan ya koma gyaran rediyo, wancan ya bi motar doya zuwa Kumasi, har ya rage Baban Adisa shi kaɗai. Ana cikin haka ƙafafun Alhaji suka fara kumburi, ya daina hawa babur. Zagayen ofisoshi ya koma kan Baban Adisa, shi kuwa Alhaji ya zauna a shago yana jiran labari.

Labarin da ake kawo masa kuwa kullum mai daɗi ne, kuma nan ne maigidana ya fi ba ni haushi. Zai dawo daga zagaye jakar kayan aikinsa ko buɗe ta bai yi ba, Alhaji ya tambaye shi, "Yaya mutanen Bimbila?"

"Lafiya lau, Masta. Injunan suna aiki garau, shi ya sa ba gyara."

Sai Alhaji ya buga cinya yana dariya. "Ai aikin hannunmu ke nan! Mun iya gyara har mun hana kanmu ciniki."

Alhali injunan suna can ɗakin ajiya ɓeraye sun yi gida a ciki. Shi kuma Alhaji, duk ƙarshen wata sai a ga tunkiya ɗaya ta ragu a garkensa, albashi kuwa ya fito daidai. Idan an tambaye shi sai ya ce ciyawa ce ta yi wuya. Haka muka zauna, wannan yana rufe wa wancan, wancan yana rufe wa wannan, ni kuma ina tsakiya ina auna garin tuwo.

Sai ga saƙo daga Bawku ta bakin wani direba. Hajiya Damata, babbar 'yar kasuwar albasa, za ta buɗe shagon waya a bakin kasuwa: tarho, faks, injin fotokwafi da kwamfuta, don fatake su ji farashin Kumasi da Lome da Wagadugu kafin su yi lodi. Ta san hannun Baban Adisa tun yana zuwa gyara a reshen can. Ta ce shi take so ya kula da injunan, za ta ma tura shi Kumasi ya koyi cikinsu. Amma ta gindaya sharaɗi: za ta jira shi har kayan su iso daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Idan sun iso babu shi, akwai wani saurayi a Bolgatanga da ke jiran kira.

Ni a ranar har na fara tunanin yadda zan ɗaure tukwane. Baban Adisa kuwa ya zauna a bakin gado ya ce, "Ba inda za ni sai Masta ya sallame ni da bakinsa."

Na ce, "To ai bakin nasa na nan zaure. Je ka tambaya."

Ya je. Na leƙa ta taga na ga ya tsaya a gabansa, ya gyara hula, ya buɗe baki, ya ce, "Masta, a kawo shayi?" Washegari ya sake zuwa, ya dawo da labarin cewa sun tattauna batun yoyon kwanon shago. Mutumin da ke iya zare ƙaramar waya daga cikin inji ba tare da hannunsa ya girgiza ba, ya kasa haɗa kalma uku. Na yi faɗa, na yi lallashi, na tuna masa Adisa na gab da shiga sakandare shi kuwa yana wuni yana hura wa injuna ƙura. Ya ce duk ya sani. Ya ce, "Barakatu, ina son in tafi. Wallahi ina so, har mafarkin injunan nan nake yi. Amma idan na kalle shi sai harshena ya mutu."

Ban ga laifinsa sosai ba, don a zangonmu yaro ba ya kallon idon ubangidansa ya ce zan bar ka. Dattijo ake samu, a ba shi goro a ƙwarya, shi ya je ya faɗa. Don haka na ɗauki gyalena na tafi kasuwa da kaina. 'Yar Salaga ba a yi mata zaɓen goro. Na tsinci manya masu ƙwari, fari da ja, na lulluɓe su da ɗanyen ganye, muka kai wa Malam Nashiru, aminin Alhaji tun suna samari.

Abu biyu ne ban yi lissafi da su ba. Na farko, Malam Nashiru idan zai gaya maka an yi ruwa jiya, daga damunar bara yake farawa. Na biyu, duk Yendi an san Alhaji da hali guda da yake alfahari da shi: ba a gama roƙo a gabansa. Da ya ga inda mutum ya dosa sai ya tari numfashinsa ya ba shi, wai don kada mai roƙo ya ɗanɗani kunyar furtawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Nashiru ya shigo zaure da ƙwaryarsa. Na kai musu ruwa, na dawo bayan ƙofa na kama shara a wurin da babu ko tsinke. Malam ya fara daga mahaifin Baban Adisa, Allah ya jiƙansa, da yadda ya kawo yaron da rigarsa ɗaya. Ya biyo ta shekarun shara, ya biyo ta aurenmu, ya tsaya ya sha ruwa. Ni dai tsintsiya har ta fara cin ƙasa.

Can ya ce, "To Alhaji, yaron nan ya yi maka biyayya, kai ma shaida ne. Yanzu ya girma, iyali sun ƙaru, kuma mutum idan ya kai wani munzali yana so ya tsaya da ƙafafunsa. Shi ne ya ce in zo in roƙar masa..."

"Na ba shi!" in ji Alhaji.

"Alhaji, ai ban..."

"Na ce na ba shi, Nashiru. Sai ka sa yarona ya ji kunya? Ai ni ya kamata in fara tunani. Shagon nan daga yau nasa ne, da injuna, da kayan aiki, da babur, da duk mutanen da muke wa gyara. Ku kira mini Sidiku!"

Aka kira shi. Alhaji ya zaro makullai daga aljihu ya danƙa masa, ya riƙe hannun nasa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Malam Nashiru ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya buɗe baki ya rufe. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce a yi Fatiha, don me kuma zai yi? Aka fasa gorona aka raba. Ni kuwa ban san lokacin da tsintsiya ta faɗi daga hannuna ba.

Kafin mako ya zagayo Mikaila mai fenti ya hau tsani ya ƙara sunan maigidana a jikin allon shago. Zango ya ɗauka. Mata suka yi ta sallama suna yi mini barka, wai na zama matar mai shago, dole na ɗora tukunyar shinkafa da wake. Na dafa ta da fushi, na zuba mata barkonon da har Malam Nashiru sai da ya nemi ruwa a buta. Da baƙi suka watse na tare Baban Adisa a ɗaki.

Na ce, "An ba ka kwalekwale mai yoyo, kai kuma ka durƙusa kana godiya."

Ya ce, "Mutumin nan ya ba ni duk abin da ya tara a duniya, a gaban jama'a. Ki gaya mini da wane baki zan ce masa ba shi nake so ba."

Na fita tsakar gida na yi kukana, rabi don haushi, rabi don gaskiyarsa. A makon nan kuma direban nan ya sake biyowa ya ce kayan Hajiya sun baro Tema.

Alhaji kuwa sai ya zama kamar an zare masa shekaru. Ya ce al'adar sana'a ita ce tsohon mai shago ya zagaya da sabo wurin abokan hulɗa, ya damƙa shi hannu da hannu, kuma daga Salaga za a fara. Baban Adisa ya kawo batun ƙafa, ya kawo batun hanya, ya kawo batun zafi. Alhaji ya ce ko a kan jaki ne sai ya je. Na ce ni ma zan bi su in gaida mahaifiyata. Gaskiyar magana, so nake in ga inda ƙaryar nan za ta kwana.

Muka hau lorin Salaga mai bi ta Bimbila. Aka ba Alhaji gaban mota, ya sha babbar riga, a cinyarsa ga kwali cike da sababbin ribon, wato zaren tawadar tafireta, tsarabar da zai raba wa mutanensa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya rungume kwalin. A haka muka isa Salaga.

Ashe Baban Adisa ya riga ya aika wa Rashidatu saƙo. Ita Rashidatu ƙawata ce tun muna yara, a ajin Alhaji ta koyi bugu, yanzu kuma ita ce sakatariya a ofishin wata ƙungiyar manoman doya. Da muka shiga sai ga tsohuwar tafireta a tsakiyar teburinta an goge ta tana ƙyalli. A gefe kuwa ga wani abu an lulluɓe da zanen atamfa, an ɗora masa fulas ɗin shayi a kai. Ta durƙusa har ƙasa.

"Masta, sannu da zuwa! Yau kam ofishinmu ya yi baƙo."

Alhaji ya cika da murna. Ya yi mata bayanin sabon mai shago, ya sa mata albarka, sannan ya ja kujera ya zauna gaban tafiretar kamar wanda ya ga tsohon aboki. "Bari in ji muryarta," ya ce. Ya zura takarda, ya murza, ya sa yatsu ya buga layi guda da sauri irin na da.

Takardar ta fito fara fat. Haruffan sun daki jikinta sun bar ɗan gurbi, amma ko ɗigon tawada babu. Ya taɓa ribon ɗin, ya ji shi a bushe kamar ganyen rani. Ya sunkuya ya shinshina injin. Ko ni da ba sana'ata ba na san tafiretar da ke aiki warin mai take yi. Wannan warin buhun masara take yi. Ya ɗan karkata ta, sai ga ƙwayar masara ta gangaro ta faɗi a kan tebur.

Ofishin ya yi tsit. Cikin shirun nan ne duk muka ji wani ɗan huci yana fitowa daga gefe.

Alhaji ya ce, "Rashidatu, me ke numfashi a ƙarƙashin zanen nan?"

Ta dubi Baban Adisa, shi kuma ya dubi takalminsa. Ta ce, "Masta... firji ne."

"Firji a kan tebur?"

Ya miƙe da ƙyar, ya sauke fulas ɗin a hankali, ya yaye zanen da kansa. Gilashin kwamfutar na haske, rubutu cike da shi. Ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi faɗa, don Alhaji yana da murya idan ya so. Amma cewa ya yi, "Zauna ki nuna mini."

Ta zauna. Ta buga layi, ta yi kuskure, ta danna abu ɗaya kuskuren ya ɓace. Ba gogewa, ba farin ruwa, ba yaga takarda. Ta sake dannawa, wani inji a ƙasa ya yi ƙara ya turo takarda. Alhaji ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga, ya juya bayanta ya shafa da yatsa.

"Ko zafin bugu ba ta ji ba," ya ce. "Tun yaushe?"

"Tun bara waccan, Masta."

"Makarantar sakandare fa?"

"Su ma sun samu."

"Bimbila?"

Wannan karon Baban Adisa ne ya amsa, murya can ƙasa. "Har da su, Masta."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce wa Rashidatu yatsunta suna nan yadda ya koya mata, kuma ya ji daɗi. Sannan ya ɗauki kwalinsa na ribon ya fita. Baban Adisa ya miƙa hannu zai karɓa, ya hana shi.

A gidanmu mahaifiyata ta daka sakwara da sabuwar doya, amma Alhaji loma biyu ya yi ya wanke hannu. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafafunsa da suka yi suntum, ya ce a kira mu mu biyu.

"Sidiku, tun yaushe kake yi mini ƙarya?"

"Masta, ni dai..."

"Bar shi. Ni ma na yi maka tawa, kuma tawa ta fi muni." Ya dube shi. "Ranar da Nashiru ya shigo da ƙwaryar nan na san abin da ta ƙunsa. Direban Damata ba ya iya riƙe magana. Kafin saƙon ya iso kunnenka ya biyo ta nawa."

Baban Adisa ya ɗago kai.

"Na gaya wa kaina wai matar nan za ta raba ka da sana'a mai rai ta kai ka wurin kayan wasa. Amma ba shi ne ainihin dalilin ba. Da na ga bakin Nashiru ya kusa furtawa, sai na hango kaina da safe ina buɗe shago babu mai ce mini Masta. Tsoro ya kama ni, Sidiku. Ni da na yi shekara saba'in. Na san idan ka roƙa ba zan iya hana ka ba, na kuma san idan na ba ka ba za ka iya ƙi ba. Sai na riga ka. Na ɗaure ka da kyauta, ina sane."

Na yi makonni ina tara fushi, na ce yau ga inda zan sauke shi. Na duba cikina ban sami ko kaɗan ba. Tsoho ne kawai a kan tabarma, ƙafafunsa a kumbure, yana faɗin abin da manya ba sa faɗa a gaban yara. Na ji ina son sa fiye da kullum. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, kun ba ni wahala. Har shinkafar barka sai da na dafa."

Ya yi dariya har da tari. "Ai barkonon ya gaya mini ra'ayinki, 'yata."

Sai ga maigidana, Allah ya shirye shi, yana share ido yana cewa, "Masta, na fasa. Ba za ni ba. Wa zai kula da kai?"

Da ba a gaban surukai muke ba da na jefe shi da murfin kwano. Alhaji ya riga ni.

"Rufe mini baki. Ina da mata, ina da 'ya'ya, ina da Nashiru da zai cika mini kunne har in mutu. Kuma ba tafiya za ka yi ba, kai ka zan yi. Yaron Zuberu ba ya zuwa wurin aiki shi kaɗai kamar wanda ba shi da kowa."

Haka kuwa aka yi. Muka koma Yendi, muka kwana, muka kama hanyar Bawku ta Gushegu da Nalerigu. A gangaren Nakpanduri, inda mota ke saukowa kamar za ta kife, kowa na salati, Alhaji yana ta nuna wa Baban Adisa inda babur ya taɓa kayar da shi da tafireta a goye. Ni an tafi da ni ne wai in duba ɗakin da za a ba mu, don a cewar Alhaji namiji idan ya ga rufi da ƙofa ya gama dubawa.

Mun sami Hajiya Damata a bakin sabon shagonta, fenti bai gama bushewa ba, warinsa ya gauraya da na albasa. Kwalaye na jibge a ciki, wasu ko yanka su ba a yi ba. Mace ce ƙatuwa mai fara'a, Hausarta irin ta Bawku. Da ta gan mu ta tafa hannu.

"Kai, kun zo daidai! Kaya ya zo shekaranjiya. Na ce gobe in bai zo ba zan aika Bolga a kira wancan saurayin."

Alhaji ya ƙi zama. Ya kama Baban Adisa a wuyan hannu, mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu, ya ja shi gabanta kamar ranar farko a makarantar boko.

"Hajiya, ga yarona na kawo miki amana. Ba ya sata. Ba ya ƙarya sai tausayi ya kama shi, to nan kam sai ki sa ido. Kada ki yi masa tsawa a gaban mutane, ba ya mantawa. Idan kika ga ya zo ya tsaya yana gyara hula, yana da magana, ki matsa masa har ya faɗa. Kuma ba ya cin kuɓewa."

Hajiya ta yi dariya har gyalenta ya zame. "Alhaji, wannan ai babban mutum ne, ba yaro ba."

"A wurinki," in ji shi.

Aka yanka kwalin injin fotokwafi, aka buɗe cikinsa. Alhaji ya matso ya leƙa, amma ya mai da hannuwansa baya ya haɗe su, bai taɓa komai ba. Ya tambayi wannan mene ne, wancan me yake yi. Baban Adisa ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Alhaji ya ce, "To ka koya da kyau. Kada ka ba ni kunya a garin mutane."

Ɗakin da aka ba mu ba laifi, ko da yake sai na sa an sake dabe. Aka shirya Baban Adisa zai zauna a fara haɗa kaya, ni in koma Yendi da Alhaji in tattara yara da tukwane in biyo baya.

Da safe ya rako mu tasha. Na shiga na zauna jikin taga, Alhaji a gefena. Baban Adisa ya tsaya a ƙasa ya riƙe ƙarfen tagar, ya zaro makullan shago daga aljihu ya miƙo. Alhaji ya karɓa ba tare da ya dube su ba.

"Masta, da ƙaramar Sallah zan zo."

Alhaji ya ranƙwafo ta kaina. "Kada ka zo. Ta yi kusa. Idan na gan ka a shagon nan da wuri haka, ban yarda da kaina ba, zan sake samo wata dabara. Ka bari sai babbar Sallah, lokacin na saba." Ya miƙa hannu ya dafa kansa. "Na sallame ka, Sidiku. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka. Sakar musu mota."

Yaron mota ya buga ƙarfe, lori ya ja. Alhaji ya gyara zama, ya kafe idonsa a ƙeyar direba. Mun kusa fita daga tasha ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yana nan?"

Na leƙa. "Yana nan tsaye, Baba. Kuka yake yi."

"To kada ki bari in waiwaya."

Na juya na tare tagar da jikina duka, na baza gyalena a kai. Ban matsa ba sai da muka wuce Garu.